Lawali Mai Kiɗan Bayan Haima

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Lawali. Ranar Alhamis ce, da misalin ƙarfe biyar da kwata na yamma, a wani layi na unguwar Sukra da ke nan Sabha, a kudancin Libya. Mu uku ne a wurin: shi Lawali, zaune a kan kujerar roba da kwamfuta a gabansa, Isufu mutumin Tanut, mai kula da janareta, sai ni, da na zo taya su ɗaukar lasifika saboda ranar ba ni da aiki. Mata sun cika haima suna rawa, ƙyalle ne kawai tsakaninmu da su, amma babu ko ɗaya da ta ga abin da ya faru.

Ga mai karatu da bai san garin nan ba, biki a Sabha mata daban ne, maza daban. Ana tare layi a kafa haima, wato babbar rumfar ƙyalle, mata su shige ciki, kuma baƙon namiji ba ya leƙawa. Lawali kuwa dije ne, mai yawo da kayan kiɗa daga wannan biki zuwa wancan. Yau yana Sukra, jibi a ɗauke shi a bayan mota zuwa Zigan ko wani ƙauye a Wadi Bawanis inda 'yan'uwanmu masu aikin gona ke aurar da 'ya. Yakan riga mata zuwa, ya jera lasifika a ciki, ya jawo waya ta ƙarƙashin ƙyallen, ya fito waje ya zauna. Shekara shida ya yi yana sa mutane rawa bai taɓa ganin mai rawar ba.

Da kunne yake aiki. Ya san bambancin guɗar da aka yi don daɗi da wadda aka yi don kara. Yana jin dukan ƙafa a ƙasa ya gane ko 'yanmata ne a fili ko iyaye ne suka miƙe. Ya taɓa ce mani, "Sa'idu, in ka ji hira ta fi tafi ƙarfi, waƙarka ta mutu. Ka canja ta kafin su canja ka." Ɗaki ɗaya muka zauna da shi shekara huɗu, dukanmu daga ƙasar Damagaram, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafin zaman waje ba. Abu ɗaya ne ke damunsa. Duk lokacin da ya ɗauki makirufo zai yi wa amarya addu'a, rurin janareta ne ke riga muryarsa shiga haima.

Ni na kawo masa maganin wannan. Kafin in zo nan in koma sayar da kayan gini a shagon wani, na yi aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a gida, na san cewa abin da za a yi ta maimaitawa ɗaukarsa ake yi tun da wuri a ajiye. Juma'a uku muka yi a ɗaki, mun kashe fanka, ya lulluɓe kansa da bargo don kada sauti ya yi amo, yana ta zufa. Na rubuta masa sunayen da aka fi sa wa mata a wajenmu: Fati, Hadiza, Mariama, Zainabu, Balkisa, Rakiya, Hauwa, da sauransu har takarda ta cika gaba da baya. Kowane suna ya yi masa tasa gaisuwar: "Amarya Hadiza, Allah ya sa ɗakinki ne har tsufa! Lawali ne ke gaishe ki daga bayan haima!" In ya je biki, sai ya tambayi sunan amarya, ya danna maɓalli, murya ta fito fes a kan kiɗa. Da ya so ya riƙa ambaton unguwa, na hana shi. Na ce kada ya faɗi rana, kada ya faɗi wuri, don abin ya yi masa aiki ko bayan shekara goma. Ya ce kai, ilimi daɗi gare shi.

A ranar da nake magana, bikin wani gida ne na 'yan ƙasa waɗanda matansu ke jin Hausa, suna kuma son kiɗanmu. Bayan la'asar dangin ango suka iso da kayan lefe, motoci na ta oda, samari suka fito da bindigogi suna harbi sama, yadda aka saba. Kowa a garin nan ya san abin da ya tashi sama sai ya sauko, shi ya sa Lawali kan nemi inda akwai rufin siminti ya raɓe. A layin akwai ƙofar gareji mai irin wannan rufi, amma an kafa haimar nesa da ita, wayarsa ta kasa kaiwa da kamar taku uku. Bai ce a matsar da haima ba, bai ce samari su dakata ba. Baƙon da ba shi da takarda ba ya gyara wa masu gida tsarin bikinsu.

Ban ji wata ƙara ta daban ba. Na dai ga ya kifa kansa a kan tebur kamar wanda gyangyaɗi ya kwashe. Isufu na zuba mai a janareta, ya ɗago ya ce, "Kai Lawali, barci a bakin aiki? Bari mudir, maigidan bikin nan, ya gan ka." Da na dafa kafaɗarsa sai hannuna ya jiƙe.

Ya riga ya jera waƙoƙi a layi har da gaisuwar amarya, don haka kiɗa bai tsaya ba. Muna ciccibarsa muryarsa ta fito daga cikin haima tana yi wa amarya addu'a, mata suka amsa da guɗa. Na duba kwamfutar na rasa inda zan danna. Isufu ne ya kashe janareta. Sai muka ji wata daga ciki tana faɗa, wai wane ne ya ɗauke musu wuta ana tsakiyar rawa.

Dattijon gidan ya sa mu a motarsa, amma kafin mu kai babban titi rai ya yi halinsa. Ya tsaya a gefen hanya ya ce in muka kai gawa mai harsashi asibiti, 'yan sanda za su zo, kuma tambayar farko ita ce ta iƙama, wato takardar izinin zama. Ni ba ni da ita, Isufu ba shi da ita, mamacin ma haka. Ban ce a je ba, ban ce kada a je ba. Ya juya mota.

A wani ɗaki bayan masallacin unguwa muka yi masa wanka, ni da Isufu da limamin, wani tsohon Balarabe. Kafin a sa likkafani Isufu ya zaro wayarsa ya ce, "Malam Sa'idu, mu ɗauki hotonsa ko ɗaya, saboda mutanen gida."

Na ce, "Haba Isufu, gawa? Ka ji tsoron Allah. A rufa masa asiri."

Ya mayar da waya aljihu. Da safiyar Juma'a muka binne shi. Leburori kamar jeri biyu suka yi masa salla, amma likkafani suka gani, ba fuska ba, kuma yawancinsu masu wucewa ne, yau suna nan, gobe sun yi arewa.

Lawali ya bar mata ɗaya, Rabi, a wani ƙauye na ƙasar Magariya. Wata biyar suka zauna bayan aure ya dawo Sabha, ba su kai ga haihuwa ba. Ni na kira na faɗa wa mahaifinta, aka yi zaman makoki, ta shiga takaba. Kayan aikinsa kuwa suka koma hannun wani ɗan'uwanmu mai irin wannan sana'a. Na miƙa masa kwamfutar yadda take, bai zo mani a rai in goge komai ba.

Takaba ta kai wata biyu sai wata 'yar garinsu da ke aure a nan ta tura wa Rabi bidiyon wani biki. Ba da mugun nufi ta yi ba, so take a ga ankon da suka yi. Sunan amaryar Balkisa. Rabi ta kira ni da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yaya Sa'idu, wa ka ce ya rasu?"

"Rabi, ai na faɗa wa Baba komai."

"To wa ke gaishe da amarya a bikin Balkisa ran Asabar ɗin nan?"

Na yi mata bayanin bargo da fanka da maɓalli, dalla-dalla, yadda zan yi wa mai sauraro. Ta bar ni na gama.

"Ya aka yi ya san sunanta Balkisa tun kafin a sa ranar?"

"Ni na rubuta masa sunayen. Amma ki duba bidiyon da kyau, kin gan shi a ciki?"

"Da can ana ganinsa ne? Bidiyon biki nawa abokin naka ya turo mani, ban taɓa ganin ko hularsa ba. Kai ka rubuta suna, kai ka yi wanka, kai ka binne. To turo mani hoto."

Na ce babu hoto. Ta ce takardar likita fa? Na ce babu. Ta ce a ba ta Isufu. Isufu ya yi sati uku da tafiya Tarabulus, lambarsa ta daina shiga, kuma har yau da nake wannan rubutu ban sake jin ɗuriyarsa ba. A ranar Rabi ta ajiye takaba.

Kada mai karatu ya ga wautarta. A ƙauyensu an taɓa aiko da labarin mutuwar wani daga Libya, matarsa ta yi takaba ta gama, bayan shekara uku aka gan shi a kasuwar Agadas da wata mata da goyo. Abokansa ne suka rufa masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma abin da Rabi ta ji ba tsumma ba ne, muryar mijinta ce, da sunansa, a bikin da aka yi kwana uku da suka wuce. Na roƙi tsohon liman ya yi magana da mahaifinta ta waya. Ya yi, da Larabci, ni na fassara. Suka ce ai fassarar ma tawa ce. Bayan shekara biyu shi ma liman ya rasu. Gidan da aka yi bikin kuwa, na je sau biyu, aka karɓe ni da shayi da ladabi, aka nuna mani cewa maganar ta wuce.

Na koma wurin wanda ya gaji kayan na ce ya goge muryar. Ya goge a gabana. Amma aikin gama ya riga ya gama, don ya ba abokansa uku a ɗan katin waya, su kuma sun ba wasu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a ranakun hutuna. Wani ya rantse ba shi da ita, sati na zagayowa na ji ta a layinmu. Wani Bakano, mutum mai raha, ya saurare ni har ƙarshe ya girgiza kai.

"Malam, wallahi na tausaya. Amma muryar nan ita ke sa mata guɗa. In na cire ta in sa ta wa? Tawa? Ka ji ta fa, kamar akuya mai mura."

"Akwai matar da ke zaune ba aure ba takaba saboda ita."

"To in na goge tawa, ta Murzuk fa? Ta Ubari fa? An ce har Agadas ana sa ta. Kai ma ka san ruwan da ya zube ba ya kwasuwa."

Gaskiya ya faɗa. Daga nan na daina bin su.

Shekara ta bi shekara, bidiyo na zuwa wa Rabi, wani daga masu tausayi, wani daga masu tsegumi. Kowace amarya da sunanta, kuma ba a taɓa yin kuskure ba, don na cika takardar da kyau. Da farko takan kira ni ta yi kuka ta ce in gaya masa ko sakinta ne ya aiko, ba za ta riƙe shi ba. Daga baya ta koma zagina. Ban ji haushi ba, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Daga baya kuma ta daina kira, wannan ne ya fi yi mani nauyi. Manema sun zo mata, ta ce ita matar aure ce. Mahaifinta ya ce ta ƙarasa takaba a huta, ta ce ba za ta yi wa mai rai takaba ba.

Nakan tambayi kaina abin da Lawali zai ce da zai ga sana'arsa yau. Yanzu lasifika ba ta bukatar waya, daga tazarar gida biyu yaro zai riƙe wayar hannu ya sa kiɗa. Taku ukun da suka gagare shi, yau ba wanda zai ma lura da su. Masu hali sun koma yin biki a zauren haya mai rufin siminti, kuma an samu mata masu wannan aiki, suna zaune a ciki suna kallon masu rawa ido da ido. Na san zai yi musu dariya ya ce wanda ke gani ai ba aiki yake ba, kallo yake. Harbin murna dai ana nan ana yi. Duk ranar Alhamis in na ji shi nakan matsa ƙarƙashin rufin shago, in ga leburori sababbin zuwa suna ɗaga kai sama suna murmushi, in kira su su shigo. Wasu su shigo, wasu su ce Malam tsoro gare shi.

Da zai ji muryarsa na yawo har inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, ba na shakka zai ji daɗi, don mutum ne mai son a yaba aikinsa. Zai ce, "Ka ji ko? Har Ubari!" Amma daɗin ba zai wuce yini ɗaya ba, sai ya tambaye ni Rabi. Mutumin da in ya dawo daga biki ba ya cin abincin da aka ba shi sai ya kira ta ya faɗa mata abin da aka dafa. A nan ne nake rasa amsar da zan ba shi, ko a cikin zuciyata. Zan ce masa na kare mutuncin gawarsa na hana a ɗauki hoto? Na yi hakan, kuma a ranar na ɗauka daidai na yi. Har yanzu in aka tambaye ni ko ya dace a ɗauki hoton mamaci, bakina zai ce a'a kafin in yi tunani. Da na sani ƙeya ce.

A shekara ta shida mahaifinta ya kira ni. Muryarsa ta tsufa ƙwarai.

"Ɗana, yarinyar nan tana ƙarewa a gabana. Ƙannenta biyu sun yi aure sun haihu. Ka zo ka tsaya gaban alƙali ka faɗi abin da ka gani."

Na ce, "Baba, in na fito ba lalle in iya komowa ba, kuma akwai bakin da ke ci daga hannuna a gida."

"Na sani. Ban ce dole ba."

Ban je ba. Ina iya cewa ko da na je shaida ɗaya ne ni, kuma shaidan da ita Rabin ba ta yarda da shi ba, wannan gaskiya ne. Amma ba shi ya hana ni ba, tsoron hanya da tsoron rasa wurin aiki ne suka hana ni. Aka shirya in yi magana ta waya. Na ba alƙali labari da rana da sa'a da waɗanda ke wurin, yadda na ba ku a nan. Ya yi mani tambayoyi masu kyau. Sannan aka kunna masa bidiyon wani biki na watan da ya gabata, ina ji ta cikin wayar Lawali na gaishe da wata amarya Mariama.

Alƙali ya ce, "Malam Sa'idu, ban ce ka yi ƙarya ba, kuma abin da ka bayyana yana yiwuwa. Amma murya ce da murya a gabana. Taka na cewa ya mutu, tasa na yi wa amarya addu'a. Kai ban gan ka ba, shi ban gan shi ba."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, haka ne."

An ce gani ya kori ji, to mu, ban da masu gidan da suka rufe baki, babu wanda ya gani sai mutum uku, ɗaya ya rasu, ɗaya ya ɓace, ɗaya kuma ya kasa zuwa.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Lawali, ba zan ce kayan aiki ba, don lasifikan sun daɗe da fashewa. Ba zan ce zuriya ba. Akwai tudun ƙasa a maƙabartar bayan unguwa da dutse biyu marasa rubutu, ni kaɗai na san wanne ne nasa, kuma ranar da na bar garin nan ko na bi shi, shi ke nan. Sai kuma addu'ar da ya yi a ƙarƙashin bargo, wadda har gobe amare ke amsawa da amin ba su san mai yin ta ba. Ina fata Allah ya karɓa musu, ya kuma sa ladan ya kai gare shi. Ban san yadda zan auna wannan da shekarun Rabi ba. Na gwada, ma'aunin ya ƙi tsayawa. Abin da zan iya kawai shi ne in rubuta a inda za a karanta cewa Lawali bai gudu ba, bai yi wani aure ba, bai tsallaka teku ba. Ya rasu a bakin aikinsa, da hannuna na sa shi a kabari. Mai karatu da ke wajen Magariya, in ka san gidan, ka karanta musu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan damina ta bara alƙali ya raba auren, bisa dalilin miji ya daɗe ba ya nan kuma ba ya aike. A takardar da aka ba mahaifinta an rubuta cewa mijin yana ƙasar Libya, ba a san inda yake ba. Rabi ta yi iddar saki, ba ta yi takaba ba.